Shekarar da Garwa Za Ta Dawo

Asabar, 10 ga Janairu, da hantsi

Gwiwar Tyce ta tafi jiya. Daga kujerata na ji ƙarar, ɓas, kamar an karya busasshen karan masara, amma alƙalin wasan nan da idonsa na ado ne sai da ya bari yaron ya yi ihu sau biyu kafin ya busa usur. Na uku ke nan tun Kirsimeti. Wendell kafaɗa, ƙaramin Haugen haƙarƙari, yanzu kuma Tyce. Ƙungiyar kokawa ce wannan ko layin ganin likita?

Kuma bana fa aka ce shekararmu ce. Kowa ya faɗa, har jaridar garin nan da ba ta iya rubuta sunan mutum daidai. Aka ce kwalejinmu ba ta taɓa tara yara goma irin waɗannan ba, bana Garwa za ta dawo gida. Tsohuwar garwar madara ce kawai, duk ta lotse, amma a kanta muke kokawa da kwalejin ƙetaren kogi duk watan Fabrairu tun kafin a haife ni, wanda ya ci ya ajiye ta shekara guda. Ta daɗe a wajensu har yaran yanzu sai a hoto suka san ta. Ardis, wadda muke zama layi ɗaya a zauren kokawa, ta ce furannin roba suke zubawa a ciki. Furannin roba! Sunan mijina yana jikin garwar nan.

Na faɗa wa Orval, mijin nawa, tun watan Oktoba da ɓarin jikinsa ya shanye, ana tura shi a gadon asibitin nan mai taya. Na ce, "Tsoho, ba inda za ka sai ka ga Garwa ta tsallako gada." Ya matse min hannu da na hagunsa. Magana ta ƙare, ni ba na saɓa alkawari.

Jiya Ardis ta so ta ɗora jakarta a kujerarsa. Shekara arba'in muna zama layi ɗaya a zauren nan, amma har yau ba ta san iyakarta ba. Ta ce, "Haba Lavonne, ai ba kowa a kai." Na ce akwai ƙararrawa a kai, ko makanta ta same ki? Ƙararrawar wuyan saniyarmu ce ta da, tun muna da shanu. Ba ma kaɗa ta sai in namu ya ci. Jiya sau uku kacal na ɗaga ta.

Lahadi, 11 ga Janairu, bayan coci

Na je wajen Orval a gidan kula da tsofaffi. Na ce masa mun ci.

Yolanda, nas ɗin da ke kula da ɓangarensu, ta ce ya ɗan taɓa abinci. Aski ya kamata a yi masa, kuma ba su iya ba.

Laraba, 14 ga Janairu, da rana

Sauƙin abin dai akwai Emmett. Muddin Emmett Kolar yana tsaye, ba zan cire rai ba. Tun shekararsa ta farko yake haya a ɗakin sama, ɗakin 'yata Renae na da, yanzu shi ne kyaftin, shekararsa ta ƙarshe, kuma bana ba wanda ya kai bayansa ƙasa. Yaron ƙetaren da zai haɗu da shi, Pruitt, sau biyu Emmett yana naɗe shi kamar tabarma.

Yau na yi miyar wake da nama, na gasa burodin kirfa. Ya sauko sanye da rigunan sanyi uku da leda a ciki, yana tofa yawu a gwangwani don ya rage nauyi, ya tsaya a bakin kicin yana shaƙa. Na ce zo ka ɗanɗana. Ya ce, "Misis Hegland, kina son Koci ya kashe ni? Jibi za mu hau sikeli." Na ce to shaƙa da kyau, shaƙa ba ta ƙara nauyi. Shekara huɗu ina dafa wa yaron nan abinci, rabi ƙamshi ya ci. Amma bari a gama awo, sai ka ɓoye cokalinka.

Irin wannan ake kira ɗan kokawa. Ba ƙorafi, ba kuka.

Asabar, 17 ga Janairu, da yamma

Makero! An hana babban Haugen, ƙatonmu, hawa katifa saboda makero a bayan kunne. Ɗan tabo da bai kai ƙwayar wake ba. Likita ya duba, ya girgiza kai, shi ke nan aka ɗaga hannun abokin karawarsa ko gumi bai yi ba, maki shida kyauta. Waye yake wanke katifar nan? Ni dai ina so a nuna min shi.

Ƙaramin kwance da haƙarƙari, babban zaune da makero. Haihuwar guzuma ke nan. Uwarsu tana bayana tana cewa Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Ban juya ba, don in na juya ba za a ji daɗi ba.

Talata, 20 ga Janairu, da safe

Na ci karo da Koci Bruning a shagon kofi. Yana ganina ya soma neman ƙofar baya. Na tare shi. Na ce, "Koci, me kake yi wa yaran nan a ɗakin atisaye, kokawa kuke yi ko sara itace?" Ya cire hula, ya ce, "Misis Hegland, ni ma ba na barci. Shekara ce ta zo a haka." Na ce shekara ba ta karya gwiwa.

Surukin Ardis, wanda ke sayar da takin zamani a ƙetare, yana teburin gefe yana dariya a cikin kofinsa. Ya ce, "Lavonne, in kuna da ƙarancin mutane mu ara muku biyu daga masu busa ƙaho." Na ce masa inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa, mu haɗu ranar ashirin ga Fabrairu. Aka yi shewa. Amma na fito zuciyata tana tafasa, har na manta safar hannuna.

Asabar, 24 ga Janairu, da hantsi

Mun sha kashi jiya ma. Ba zan rubuta makin ba.

Emmett ya ci. A zagaye na biyu yaron can ya ɗaga shi suka faɗo tare, Emmett ya sauka a kan ka. Ya ɗan jima a kwance. Zauren ya yi tsit, har ina jin injin ɗumama ɗaki. Sai ya tashi, ya kaɗa hannunsa na dama kamar mai yarfe ruwa, ya koma ya gama da yaron. Na kaɗa ƙararrawa har kafaɗata ta yi tsami.

Ardis ta ce ita ba ta ji daɗin yadda ya tashi ba. Ardis ba ta taɓa jin daɗin komai ba tun da na san ta.

Lahadi, 25 ga Janairu, bayan coci

Na ce masa mun ci. Ya daɗe yana kallona.

Laraba, 28 ga Janairu, da safe

Emmett ya fasa kofin Orval. Shuɗin nan, mai tsaga a baki. Yana riƙe da shi a tsakiyar kicin, ba wanda ya taɓa shi, kawai sai ga kofi a ƙasa. Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na aro ne. Na ce kofuna nawa ne a kabad ɗin nan, sai wannan ka ga dama? Ya ba ni haƙuri, ya durƙusa yana tsince fasassun da hagu.

Ban yi kuka don kofi ba. Albasa nake yanka.

Lahadi, 1 ga Fabrairu, da yamma

Wendell ya dawo, ya yi minti ɗaya a katifa, kafaɗar ta sake fita. Tir.

Orval yana tari. Sun ce sanyi ne.

Laraba, 4 ga Fabrairu, da la'asar

To ga shi nan. Ana wata ga wata.

Emmett ya dawo daga babban asibiti, ya ce, "Misis Hegland, zauna mu yi magana." A gidana, a teburina, ana ce min in zauna. Wai an ɗauki hoton wuyansa. Wai akwai wani abu tsakanin ƙasusuwan da ya goce yana danne laka, shi ya sa yatsunsa suke mutuwa. Wai likita ya ce in ya sake faɗuwa a kan ka irin na rannan, wataƙila ya tashi, wataƙila kuma keke ne har ƙarshen rayuwarsa. Koci ya ce ba zai sa shi ba, sai dai in shi ya dage kuma likitan ƙungiya ya sa hannu.

Na ce, "Wataƙila dai aka ce. Likita ai sana'arsa ke nan, tsorata mutane. In ka bi ta tasu ko matakala ba za ka hau ba." Na ce karawa ɗaya ce, minti bakwai, da yaron da ka saba naɗewa. Sannan na ba shi labarin Orval. Shekararsa ta ƙarshe, daren Garwa, kafaɗarsa ta dama ta fita tun zagayen farko, ƙashin wuya ya tsage, aka ɗaure shi da bandeji a gefen katifa, ya koma da hannu ɗaya ya danne yaronsu. Ina ɗaliba a lokacin, ina layi na uku. A daren na ce wannan zan aura.

Emmett ya ce, "Na sani, Misis Hegland. Kin ba ni labarin." Na ce to sake ji.

Ya hau sama bai ci komai ba. Wannan karon ba don sikeli ba.

Alhamis, 5 ga Fabrairu, da rana

Renae ta kira daga birni. Ban san wanda ya kai mata tsegumi ba, amma na san Ardis ce. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Mama, me kika faɗa wa yaron nan?" Na ce gaskiya na faɗa masa. Ta ce, "Kin ba shi labarin kafaɗar Baba, ko?" Na ce labarin babanki abin kunya ne?

Ta ce, "Mama, kin taɓa jin Baba ya ba da labarin nan da bakinsa? Ko sau ɗaya? Ke kike bayarwa, shi kuma ya tashi ya ce zai duba mota. Ni abin da na sani, bai taɓa ɗaga ni sama ba. Duk uban da ke coci yana ɗora 'yarsa a wuya, ni nawa sai dai ya riƙe min hannu. Kuma shanun, don me aka sayar?"

Na ajiye wayar. Yarinyar da ko sau ɗaya ba ta zauna ta ga karawa har ƙarshe ba, ita ce za ta koya min mijina. Shanu farashin madara ne ya sa aka sayar, kowa ya sani.

Labule kuwa ni nake ratayewa a gidan nan tun da aka yi aurenmu. Wannan ba komai ba ne, na fi shi iyawa.

Lahadi, 8 ga Fabrairu, bayan coci

Na faɗa wa Orval zancen Emmett. Dole in faɗa wa wani. Na ce, "Ka ji yaran zamani, tsoho? An ce wataƙila, shi ke nan gwiwa ta yi sanyi. Amma kar ka damu, ni zan shawo kansa, zai hau katifar nan ko ana ha-maza-ha-mata." Sai ya zare hannunsa daga nawa. Da ƙyar, amma ya zare. Ya juya fuska bango, ya yi wannan sautin da yake yi a maƙogwaro in yana son magana ta ƙi fitowa.

Ka gani? Shi ma haushin yaron yake ji.

Ina fita Yolanda ta biyo ni. Ta ce, "Misis Hegland, kin san fa yana jin duk karawar a rediyo? Ni nake kunna masa. In na makara sai ya yi ta buga ƙarfen gado." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata guda ina zuwa ina ce wa mutum mun ci, yana kallona. Na ce wa ya sa ki? Ta ce shi ya sa ni. Ta ce kuma in likita ya yarda, za ta kawo shi zauren ranar Garwa a motar gidan, ita za ta tuƙa, ranar hutunta ce.

Na gode mata. Amma da ta tambaye ni tukuna.

Laraba, 11 ga Fabrairu, da safe

Tarin ya sauka ƙirji. Likitansu ya kira ni gefe, ya ce ya kamata Renae ta zo cikin makon nan ko na gaba. Na ce Renae tana da aiki.

Abin da ya dame ni shi ne, Koci Bruning ya ɗauko wani ɗan shekarar farko da ko gashin baki bai fara ba ya sa a gurbin Tyce. Yaron in ya tsaya a katifa kamar an jingina tsintsiya. Da wannan za mu je gaban 'yan ƙetare? Mutumin nan a ina aka samo shi? Na rantse in aka bar ni da ƙungiyar nan mako biyu sai an ga bambanci.

Asabar, 14 ga Fabrairu, da yamma

Emmett bai yi kokawa jiya ba. Maki shida kyauta. Ƙararrawa ta dawo gida yadda ta fita.

Ba na yi masa magana. Abincinsa yana cikin tanda.

Talata, 17 ga Fabrairu, da rana

Yolanda ta ce Emmett ya je wajen Orval jiya, ya zauna fiye da awa guda. Na ce me suka ce? Ta ce, "Me za su ce? Ɗaya ba ya iya magana, ɗayan ba ya so." Ta ce ta leƙa ta ga Orval yana riƙe da hannun yaron na dama, yana latsa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ba wanda ya gaya min zai je. A gidana yake kwana.

Alhamis, 19 ga Fabrairu, da la'asar

Zai hau sikeli gobe! Da bakinsa ya faɗa, yana tsaye a ƙofar kicin. Ya ce, "Na san alkawarin da kika yi masa. Zan yi awo, in ɗumama jiki, in hannun ya amsa zan hau." Likitan ƙungiya ya ce zai duba shi a gefen katifa kafin a kira sunansa. Na ce Allah ya yi maka albarka, na san jinin ɗan kokawa ba ya ƙarya.

Zai fita cin abincin 'yan shekarar ƙarshe, ya kasa ɓalla maɓallin wuyan rigarsa. Na ɓalla masa. Sanyi ne, yatsun kowa suna ƙagewa a irin wannan lokacin.

Na goge ƙararrawa da toka har tana ɗaukar ido.

Asabar, 21 ga Fabrairu, da hantsi

Zan rubuta shi yadda ya faru, don nan gaba kar wani ya ce min ba haka aka yi ba.

Zaure ya cika har matakala. 'Yan ƙetare sun zo da Garwa, sun ɗora ta a tebur gefen katifa. Yolanda ta turo Orval cikin bargo biyu da robar iska a hanci, aka ajiye kekensa a ƙarshen layinmu. Mutane suka yi ta zuwa suna gaishe shi. Ya rame, kwat ɗinsa na ƙungiya kamar an rataye a ƙusa. Na ɗora masa ƙararrawa a cinya don hannuna ya huta.

Kuma yaran nan, gurgu da mai ɗingishi, suka yi abin da ban zata ba. Ɗan tsintsiyar nan ya ƙi yarda a danne shi, ya sha wuya amma bai ba da maki shida ba. Babban Haugen, makero ya warke, ya kwantar da ƙatonsu kamar buhun masara. Da aka zo karawar ƙarshe suna gabanmu da maki biyu kacal, kuma ƙuri'a ta sa ajin nauyin Emmett ne na ƙarshe. Ko da maki ɗaya ya fi Pruitt, uku ne namu, Garwa ta tsallako. Na kama hannun Orval na ce, "Tsoho, buɗe ido."

Na ga Emmett a bayan benci da Koci da likita. Likita ya miƙa masa yatsu biyu ya ce ya matse. Na ga Koci ya dafa masa ƙeya yana magana. Na ga Emmett ya ɗago ya dubi layinmu. Ba ni ya duba ba.

Aka kira sunansa. Bai fito ba. Alƙali ya ɗaga hannun Pruitt. Shi ke nan, maki shida, an gama. 'Yan ƙetare suka fara ihu.

Sai ga shi ya fito, a hankali, har tsakiyar katifa, ya zauna ya kama igiyar takalminsa. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ma'anar wannan. Ɗan kokawa in ya bar takalmansa a tsakiyar katifa, ya yi sallama da ita har abada. Ihun ya mutu. Ya kwance na hagu. Na dama ya gagara, yatsun suna zamewa, ya ja, ya sake ja, mutum dubu biyu suna kallo. Sai Pruitt, ɗan ƙetare, wanda aka ba nasara a faranti, ya dawo ya durƙusa ya kwance masa. Abin da idona ya gani ke nan. Ɗan ƙetare yana kwance wa kyaftin ɗinmu takalmi a zaurenmu.

Kowa ya miƙe tsaye. Ardis tana kuka da majina. Ni ban tashi ba. Na harɗe hannu na zauna, raina in ya yi dubu ya ɓaci. Minti bakwai na roƙa. Shekara huɗu ina ciyar da shi.

Sai na ji ƙararrawa.

A gefena. Orval ya kama ta da hagu, bai iya ɗaga ta ba, sai yake buga ta a ƙarfen keken, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Na ce, "Tsoho, ba mu ci ba. Ka ji? Ba mu ci ba, ajiye." Na kai hannu zan karɓa. Ya riƙe gam, ya dube ni irin kallon da bai yi min ba tun muna da ƙuruciya, ya ci gaba da bugawa har Emmett ya fita daga katifa da safa.

Shekara arba'in ba a taɓa kaɗa ƙararrawar nan don wanda bai ci ba. Shi ya kafa dokar da kansa.

Suka ɗauki Garwarsu suka tafi. Bai ko kalle ta ba.

Litinin, 23 ga Fabrairu, da safe

Jarida ta sa hoton takalman a shafin farko. Sun rubuta Kolar da harafin "l" biyu.

Laraba, 25 ga Fabrairu, da yamma

Renae ta zo. Ta kwana can.

Ban ce masa komai a kan daren Juma'a ba, shi ma bai yi sautin nan ba. Na yi masa aski da kaina.

Lahadi, 1 ga Maris, da safe

Yolanda ta kira kafin in sa takalmin coci.

Talata, 3 ga Maris, da rana

Gida ya cika da kwanukan abinci. Duk matar da ke garin nan ta kawo dankali da cuku, kamar ni kaɗai zan cinye gona.

Fasto ya tambaya wa zai ɗauki akwatin gawar Orval. Koci Bruning ya ce yaran sun roƙa a bar musu. Na ce to. Sai aka zauna lissafi a falona, kuma da ba ni abin ya shafa ba da na yi dariya. Tyce yana kan sanduna. Wendell hannu a rataye. Ƙaramin Haugen ko tari ya yi sai ya riƙe ƙirji. Wani idon sawu, wani an hana shi ɗaukar ko jakar littattafai. Ƙungiyar da aka ce ba a taɓa tara irinta ba, an rasa mutum shida masu lafiyar da za su kai tsoho ɗaya daga ƙofar coci zuwa mota. Huɗu aka samu.

Emmett yana tsaye jikin bango. Ya ce, "Hagu na lafiya lau. Likita ya ce in dai a hannu ne ba a kafaɗa ba, zan iya." Biyar. Ya ce na shidan a bar masa.

Har yanzu ban ce masa komai ba.

Alhamis, 5 ga Maris, da la'asar

Na shidan Pruitt ne. Ya zo cikin kwat ɗin da ya yi masa kaɗan, kunnuwa duk a murɗe irin na kowa a nan, ya cire hula ya ce, "Misis Hegland, Allah ya ba da haƙuri. Kocinmu ya ce in kawo Garwa, in kina so a ajiye ta gaban coci, a mayar gobe." Tana bayan motarsa, an lulluɓe ta da bargo.

Na ce a'a. Orval bai taɓa karɓar abin da bai ci ba, ba zai fara yau ba. Ta zauna inda take. Amma na je na ɗaga bargon. Babu furen roba ko ɗaya, Ardis da ƙarya. Sunansa yana nan ƙasa-ƙasa kusa da inda ta lotse, ƙanana ƙwarai. A raina ya fi haka girma.

Ta tsallako gada dai, tsoho. Ba yadda na ce ba.

Matakalar cocin ta yi ƙanƙara, an zuba gishiri amma bai ci ba. Suka fito da shi, Emmett a gaba, hannun hagu a maƙallin akwati. Ina bayansu, Renae tana riƙe da ni. Ya kamata akwatin nake kallo. Na kasa. Ƙafafun yaron nan nake kallo. Ya sa ta dama, ya taka, ya gwada, ya sauke ta hagu. Mataki bayan mataki, har ƙasa, har mota. Yolanda ta zo da keken Orval a naɗe don ta mayar mana, ta jingina shi a gefen ƙofa, suka wuce ta gabansa. Sai na tuna keken da likita ya ambata wa Emmett, na ƙanƙame Renae. Renae ta ce, "Mama, Baba ya huta." Ta ɗauka don shi ne.

Da aka watse na tarar da Emmett a kicin yana wanke kwanukan mutane da hannu ɗaya. Na ce bar su. Na ɗumama miyar wake, na fito da burodin kirfa, na ajiye masa a wajen da Orval yake zama. Ya tsaya yana kallon kujerar. Na ce zauna mana, ko sai an busa usur?

Ya zauna. Na ce, "Da ka hau, a zagaye na biyu za ka danne shi."

Ya ce, "Na sani, Misis Hegland."

Na ce, "To ci. Ba sikeli gobe."

Ya ci kwano uku. Cokalin ya faɗi sau ɗaya, na ɗauko masa wani.